Daga Ƙafa Biyu Zuwa Ƙafa Uku: Tsufa da Abin Hawa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe



Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wasu daga cikinku da suka ga kan wannan lacca sun yi mamaki, suna cewa me ya haɗa zauren jami'a da maganar babur da keke mai ƙafa uku. Amsa ita ce, duk abin da ya shafi lafiyar dubban magidanta da hanyar abincinsu ya cancanci a zauna a yi nazarinsa a tsanake. A garuruwanmu da ƙauyukanmu babu abin hawa mai inji da ya kai babur yawa. Shi ke kai malami makaranta, shi ke kai manomi fadama, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. To amma akwai wata tambaya da ba mu cika yi ba, watau idan mahayin ya tsufa, ina aka nufa? Ya ci gaba da hawa har ranar da zai faɗi? Ya ajiye ya zauna a zaure? Ko kuwa akwai wata hanya a tsakani?

Hanyar da ke tsakani, wadda wasu dattawa suka fara bi, ita ce komawa ga abin hawa mai ƙafa uku. Abin da nake so in tabbatar a wannan lacca shi ne, ƙafa ta uku tana ɗauke wa dattijo nauyi guda ɗaya tak, watau nauyin tsayar da abin hawa da ƙarfin ƙafarsa. Wannan nauyi babba ne, ya kuma isa ya zama dalilin canji. Amma nauyin ido da na kunne da na hankali suna nan a kansa, har ma da ƙarin wani sabon nauyin da bai saba da shi ba. Saboda haka canjin yana yin amfani ne idan an yi shi da wuri, aka yi shi da koyo, aka kuma yi la'akari da irin hanyar da za a bi.

Na zaɓi ƙasar Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, domin ta haɗa hanyoyi iri biyu. Garin Tambuwal, wanda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a cikinsa ya mai da shi ribaɗi, yana kan babbar hanyar kwalta da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Aliero da Jega. Kebbe kuwa ƙasa ce mai faɗi, ƙauyukanta a warwatse, ga fadamu ga daji. Ƙidayar 1991 da ta 2006 duk an yi gardama a kansu, amma ta 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Tambuwal mutum fiye da 220,000, ta ba Kebbe kimanin 125,000, alhali Kebbe ta fi Tambuwal faɗin ƙasa nesa ba kusa ba. Wannan bambanci zai yi mana amfani nan gaba.

Yadda Babur Ya Zama Ƙafar Jama'a

Kakanninmu da doki da jaki da raƙumi suka yi zirga-zirga. Bayan zuwan Turawa keke ya shigo, har ya zama mallakar keken Raleigh alama ce ta malamin makaranta ko ma'aikacin En'e. Babur bai yawaita ba sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji tare da ariyas, ga kuma rancen abin hawa da gwamnati ke bai wa ma'aikatanta. Nan da nan Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa suka cika tituna. Daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, mota ta fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci, sana'ar ɗaukar fasinja a babur ta bunƙasa, wadda Sakkwatawa ke kira kabu-kabu, Kanawa ke kira acaɓa. Bayan shekarar 2000 kuma baburan Sin da na Indiya, irin su Jincheng da Bajaj, suka shigo da araha, har babur ya kai ƙauyen da mota ba ta taɓa shiga ba.

To, mu yi ɗan lissafi. Saurayin da yake da shekara 20 a 1975, ya sayi baburinsa na farko da kuɗin Udoji, ya kai 70 a 2025. Wanda ya fara kabu-kabu yana ɗan shekara 25 a 1990 ya cika 60 a shekarar 2025 ɗin. Ma'ana, rukunin farko na mutanen da suka yi dukkan rayuwar girmansu a kan babur yanzu ne suke shiga tsufa. Iyayensu ba su fuskanci wannan matsala ba, domin jaki ba ya kā da mai shi don ƙafarsa ta yi rauni. Saboda haka babu wata al'ada da muka gada da za ta gaya wa dattijo ranar da ya kamata ya sauka daga babur. Mu ne za mu samar da ita.

Abin da Babur Ke Nema, da Abin da Shekaru Ke Ragewa

Babur ba ya iya tsayuwa da kansa. Idan yana tafiya, abin da ke riƙe shi shi ne 'yan ƙananan gyare-gyaren da hannun mahayi ke yi wa kansa, dama da hagu, a kai a kai, ba tare da mahayin ya ma san yana yi ba. Idan gudu ya ragu, aikin ya ƙara wuya. Idan an tsaya cak, nauyin duka ya koma kan ƙafa. Baburan da aka fi hawa a ƙasarmu nauyinsu ya kai kilo 100 zuwa 120. A ɗora buhun gero, a ɗora fasinja, sai ka ga ƙafa ɗaya ce ke tallafe da abin da ya ninka nauyin mai ita. Wannan ne ya sa faɗuwar dattijo ba kasafai take aukuwa cikin gudu ba. Ta fi aukuwa a bakin kasuwa, ko wajen juyawa a lungu, ko a cikin rairayi, ko lokacin da akuya ta gifta.

Masana lafiya sun nuna cewa daga shekara 30 tsokar jikin mutum takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, raguwar kuma takan ƙara sauri bayan shekara 60. Daidaituwar jiki, watau abin da ke hana mutum tangaɗi, ta dogara ne ga abubuwa uku: ido, da wani sashe na can cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi. Duka ukun shekaru na rage musu kaifi. Ciwon suga yakan kashe jin tafin ƙafa. Ciwon gwiwa yakan hana a sauke ƙafa da hanzari. Ta wajen gani kuwa, hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kimanin sulusin wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba, ban da yanar ido da ke sa fitilar motar da ke tahowa ta dallare mutum gaba ɗaya.

Sa'an nan ga batun hanzari. Mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a kowane sakan. Idan shekaru suka ƙara masa jinkirin rabin sakan kawai kafin ya taka birki, ya ƙara fiye da mita 5 a kan inda da zai tsaya. Mita 5 ta isa ta raba tsakanin yaron da ya tsira da wanda aka buge.

Daɗin daɗawa, faɗuwa ɗaya ce amma sakamako biyu. Saurayi ya faɗi, ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. Dattijo ya faɗi a wuri guda, ƙashin ƙugunsa ya karye, ya yi watanni a kwance, wani ma ba zai sake takawa daidai ba. Mutanen wannan yanki ba su bukatar a yi musu dogon bayani, domin Aliero, wadda ta yi suna wajen ɗori, maƙwabciyarsu ce, sun kuma san hanyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, sun san abin da jinya ke ci na kuɗi da lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara. Waɗanda suka naƙasa ba su ma cikin wannan adadi.

Zuwan Mai Ƙafa Uku

Abin hawa mai ƙafa uku ba baƙo ba ne a tarihin ƙere-ƙere. Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886, wadda ake ɗauka ita ce mafarin motocin zamani, ƙafa uku gare ta. A 1948 kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da wani ɗan keke mai inji domin ƙananan 'yan kasuwa, daga irinsa ne kuma Indiya ta samo nata, wanda kamfanoni irin su Bajaj da TVS ke aiko mana. A Amurka, inda masu hawan manyan babura suka tsufa tare da baburansu, kamfanin Harley-Davidson ya fito da samfuri mai ƙafa uku a 2009, kuma dattawa na cikin manyan masu sayensa.

A nan Nijeriya, an fara ganin keken fasinja da yawa a Ikko zamanin mulkin Buba Marwa, tsakanin 1996 da 1999, har aka sa masa suna Keke Marwa. Bayan gwamnatin Obasanjo ta kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001, aka rarraba shi a jihohi, ya sami sunan Keke NAPEP. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da shi domin mata su daina hawan acaɓa, sai ya ɗauki sunan shirinta na A Daidaita Sahu. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur, dubban 'yan acaɓa suka koma ƙafa uku a cikin ɗan lokaci. Sakkwatawa kuwa, da suka dubi siffarsa da tafiyarsa, sai suka ce masa agwagwa da buje. A 2021 ma, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatocin Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato sun kafa dokokin taƙaita zirga-zirgar babura a wasu yankuna.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan misalai na gida hukuma ce ta sa aka yi canji. Dattijon Dogon Daji ko na Kuchi kuwa, dokar da ke kansa daga jikinsa ta fito, kuma babu mai shela da zai sanar da shi ranar da ta fara aiki.

Iri uku ne ke gabansa. Na farko shi ne keken fasinja mai rumfa. Na biyu shi ne mai ɗaukar kaya, wanda gabansa na babur ne bayansa akori. Na uku shi ne baburin da masu walda ke gyarawa, ko dai su cire tayar baya su sa biyu a madadinta, ko su ƙara masa tayoyi a gefe. Wannan na uku an fi saninsa a hannun waɗanda cutar shan inna ta taɓa, kuma a Kano ƙungiyarsu ta daɗe tana ƙera irinsa da hannunta.

Abin da Ƙafa ta Uku Ke Yi, da Abin da Ba Ta Yi

Kowace mace ta san dalilin da ya sa duwatsun murhu suke uku. Abu mai ƙafa uku yana zama daram ko da ƙasa ba ta daidaita ba. Wannan shi ne amfanin keke mai ƙafa uku, kuma ba ƙaramin amfani ba ne. Mai shi zai tsaya ba tare da ya sauke ƙafa ba. Zai yi tafiyar hawainiya a cikin kasuwa ba tare da tangaɗi ba. Keken fasinja yana da giyar baya, saboda haka babu turawa da ƙarfin ƙirji. Yana da rumfa, wanda duk wanda ya san ranar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san darajarta. Kuma uwargida, wadda ita ma ta manyanta, za ta zauna sosai a kai ta asibiti, maimakon zaman gefe a bayan babur.

Amma kama da wane ba ta wane. Ko da yake kansa irin na babur ne, tuƙinsa dabam ne, kuma a nan ne wanda ya shekara 40 a kan babur ya fi sabon shiga shiga haɗari, domin jikinsa ya riga ya haddace wani karatu dabam.

Da farko, babur yana shan kwana ne da kwantawa: mahayi ya karkata, babur ya bi shi. Mai ƙafa uku ba ya kwantawa. Sai an murɗa kansa da ƙarfin hannu, kuma nauyinsa yana rinjaya ne zuwa wajen kwana. Ƙarfin da ke tura shi waje yana ninkuwa sau 4 idan gudu ya ninku sau 2. Da yake taya ɗaya ce a gaba, wanda ya shiga kwana da gudu sa'an nan ya danna birki a tsakiyarta, tayar baya ta ciki za ta ɗaga, keken ya kife. Wannan ba zato ba ne. A 1988 kamfanonin da ke sayar da wani irin babur mai ƙafa uku na shiga daji suka yi yarjejeniya da gwamnatin Amurka suka daina sayar da sababbi, saboda yawan kifewa da asarar rayuka. Ƙa'ida ita ce a rage gudu tun kafin a isa kwana.

Na biyu, bayansa ya fi gabansa faɗi. Mahayin babur ya saba da cewa inda kansa ya shige, sauran ma ya shige. A kan mai ƙafa uku wannan sabo shi ke sa a goge mota, ko a taka ƙafar mai talla, ko tayar baya ta faɗa kwata.

Na uku, babur sawu ɗaya yake bi, mai ƙafa uku sawu uku. Ramin da babur zai kauce wa da ɗan karkatawa, mai ƙafa uku in ya tsallake shi da tayar gaba zai same shi da ta baya. Idan hanya ta karkace, shi ma sai ya karkace da ita.

Na huɗu, a kan baburin da aka gyara, sauke ƙafa ƙasa, wanda a da shi ne ceto, yanzu shi ne haɗari, domin tayar baya tana iya hawa kan diddige.

Na biyar kuma, wanda ya fi duka muhimmanci, ƙafa ta uku ba ta gani, ba ta ji, ba ta taka birki. Keken fasinja ya haura kilo 300 ko babu kowa a ciki. Wanda idonsa ya dushe, idan ya koma kansa, ya rage wa kansa haɗarin faɗuwa ne ya ƙara wa mai tafiya a ƙasa haɗarin bugewa.

Hanya Ita Ce Alƙali

Yanzu mu koma ga bambancin da na ambata tun farko. A cikin garin Tambuwal da manyan garuruwa irin su Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, inda tafiyar dattijo ba ta wuce gida zuwa kasuwa, zuwa masallaci, zuwa asibiti, zuwa gidan 'yan'uwa ba, mai ƙafa uku ya dace ƙwarai. A kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega kuwa, inda tireloli da motocin haya ke sheƙa gudu, ƙaramin keke mai tafiya a hankali, wanda ba shi da damar sauka gefen kwalta da sauri, yana cikin haɗari, musamman da almuru. Tafiyar kimanin kilomita 100 zuwa Sakkwato aikin motar haya ce.

A ƙauyukan Kebbe, irin su Margai da Ungushi da Girkau da Sangi, da hanyoyin da ke gangarawa fadamun Gulbin Zamfara, lissafin ya sake. Hanyar gona sau da yawa turba ce mai sawu ɗaya, wadda ƙafar mutum da ta jaki suka fitar. Da rani rairayi, da damina taɓo. Keken fasinja tayoyinsa ƙanana ne, cikinsa kusa da ƙasa, in ya kafe kuwa ba dattijo ɗaya ne zai fitar da shi ba. A irin wannan wuri mai ɗaukar kaya, da yake tayoyinsa sun fi girma, ya fi juriya, amma shi ma sai inda amalanken shanu ke bi. Inda turba ta ƙi, gaskiyar magana ita ce babu mai ƙafa ukun da zai yi, sai dai dattijo ya koma bayan ɗansa ko jikansa, ko ya koma ga jaki, wanda har yanzu bai rasa aikin yi ba. Saboda haka kafin a je wurin dillali, a fara zuwa a dubi hanya.

Batun Kuɗi

Ga 'yan'uwana ma'aikata, wannan sashe naku ne. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce a yi ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, ko da yake dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40. Watau lokacin da jiki ya fara neman ƙafa ta uku shi ne daidai lokacin da albashi ya tsaya. Sabon keken fasinja ya ninka kuɗin babur fiye da sau 2, ya fi shi shan mai, tayoyinsa uku ne, kayan gyaransa sun fi tsada, kuma ba kowane bakanike na ƙauye ne ya iya shi ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 a cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ya haura 1,000 a wurare da dama.

Saboda haka sai mutum ya tambayi kansa, don me nake so? Idan don hawan kansa ne kawai, gyaran baburin da ke hannu a wurin ƙwararren mai walda ya fi sauƙi. Idan don ɗaukar albasa da shinkafa da taki ne tsakanin gona da kasuwa, mai akori yana iya biyan kuɗin kansa. Idan kuwa nufin shi ne a zuba giratuti duka a sayi keke a shiga haya, to a yi tunani sau biyu. Yinin haya aikin ƙarfi ne, fasinjan ƙaramin gari bai kai na birni ba sai ranar kasuwa, kuma wanda ya ba yaro keke yana jiran balas kullum ya shiga wata sana'a ce da ke bukatar sa ido. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san saura shekara 5 ya ajiye aiki, yanzu ne lokacin adashi da tanadi.

Kunya

Duk abin da na faɗa lissafi ne, amma abin da ya fi hana canji ba ya cikin lissafi. Magidanci da babur tamkar kakansa ne da doki. Ya ji nauyin a ce ƙarfinsa ya ƙare. Ya ji nauyin a gan shi cikin agwagwa da buje a ɗauka ya koma haya. Ya fi jin nauyin baburin da aka gyara, domin a ganinsa na guragu ne. Wannan tunani yana da illa biyu: yana raina bayin Allah da suka riga mu gano dabara mai kyau, yana kuma jefa mai shi cikin naƙasar da yake gudun a danganta shi da ita. Girman kai rawanin tsiya.

Sanda ma ai ƙafa ta uku ce, kuma ban taɓa jin an raina dattijo don ya dogara ta ba, sai ma ƙarin kwarjini. Tabarau da aka taɓa yi wa kallon abin 'yan boko yanzu yana fuskar kowane tsoho mai karatu. Abin da ake ƙoƙarin tsarewa ya fi kunyar kwana biyu girma. Dattijon da ya rasa abin hawa ya rasa zuwa jana'iza da ɗaurin aure da suna, ya rasa leƙa gonarsa, ya koma jiran yaro ya ga dama. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa. Wanda aka yanke wa zirga-zirga an yanke masa rabin mutuncinsa, kuma zaman kaɗaici yana saurin tsufar da mutum.

Shawarwari

Ga dattawa: akwai alamomin da bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Idan babur ya kā da kai a tsaye sau biyu a shekara guda, idan ɗaga shi daga ƙasa ya gagare ka, idan kana jin jiri in ka waiga, idan ka fara gudun ɗaukar fasinja ko kaya, lokaci ya yi. A fara da gwajin ido da na hawan jini da na suga. A koyi sabon abin hawa a fili, babu kaya babu fasinja, har sai hannu ya manta da tsohon sabo. Mai hawan baburin da aka gyara ko mai akori kada ya bar hular kwano. A bar tafiyar dare. Kuma a sani cewa ƙafa uku ma zango ce. Wanda ganinsa ya yi rauni ƙwarai, ko yake suma, ko mantuwa ta kama shi, sai ya miƙa makulli ya koma kujerar baya, keken yana nan nasa, matuƙi kawai aka sake.

Ga ɗalibai: ku ne za ku buɗe wannan magana a gida, kuma da ladabi ake buɗe ta. Ɓoye makulli ba ya haifar da komai sai fushi. A nemi aminin mahaifi ko wansa ya shiga tsakani, a kuma zo masa da abin da zai maye gurbi, kada a zo da hani kawai.

Ga ma'aikata da hukumomi: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jiha, za su iya haɗa kai da ƙananan hukumomi a riƙa yin ranar gwajin ido da koyar da tuƙin mai ƙafa uku a ranakun kasuwa. Kwalejojin fasaha su zauna da masu walda a fitar da ma'auni na faɗin tayoyi da ƙarfin birki da ingancin ƙarfe, domin gyaran da aka yi da ka yana iya ɓallewa a tsakiyar hanya. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Masu sana'ar da suka ƙware wajen yi wa waɗanda cutar ta taɓa abin hawa, ƙwarewarsu na da sababbin masu bukata, watau tsofaffinmu. Sashen ayyuka na ƙaramar hukuma kuma ya tuna cewa faɗaɗa turba ɗaya da zuba mata burji yana iya mayar wa dattawan ƙauye guda da kasuwarsu da asibitinsu.

Kammalawa

Jama'a, a taƙaice, babur ya yi wa ƙasar nan aiki, amma yana neman ƙafa mai ƙarfi, ƙafa kuwa aro ce. Mai ƙafa uku yana biyan wannan bukata guda, da sharaɗin a koye shi kamar baƙo, a auna shi da hanya, a auna shi da aljihu, a kuma koma kansa tun ana iya koyo. Wanda ya yi canjin yana da shekara 60 ya zaɓa ne da kansa, wanda ya jira har ya kwanta a hannun mai ɗori kuwa an zaɓa masa. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

 Allah ya ba dattawanmu lafiya, ya kai mu shekarunsu.